Wa Ke Kai Mata Ziyara?

Idan aka tsare namiji daga Itas, uwa da mata ba sa rasa kuɗin motar Azare, har da kwanon tuwo. In mace ce, sai gida ya yi tsit, a ce wai ta yi tafiya. Mu ma da ke nan ci-rani, kuɗin biki muke turawa, na lauya kuwa sai mu ɗauke kai. Shin kunyarmu ta fi ranta nauyi?

Haramcin kashe kai babu mai musu. Amma faɗin hukunci bai sauke mana namu nauyin ba. Matar da ke yanka jikinta ko ta ƙi abinci a tsare, sau da yawa an raba ta da 'ya'yanta, ga saki, ga shari'ar da ba ta san ranar ƙarewarta ba, don mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Kwanakin farko da ranar yanke hukunci sun fi haɗari. Sashe na 231 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. To wadda ke ɗaure fa, ɗaurin me zai tsorata ta?

Annabi Yusuf (AS) kansa ya nemi a tuna da shi a kurkuku, aka manta, ya ƙara shekaru.

In 'yar'uwa ta fara raba kayanta, tana neman gafara, tana cewa "gara in huta", kada mu ce mata haƙuri kawai. Mu tambaye ta kai tsaye, mu sanar da jami'an gidan, mu nemi likita ya gan ta. Wanda ke nesa ya biya wa inna kuɗin mota, a tafi da hoton yaran.