Ranar da Ƙafa Ta Ƙi

In ka taɓa tuƙa keke kana fuskantar iska, ka riga ka san rabin abin da zan faɗa. Hanya shimfiɗe take, ba tudu ba yashi, amma sai ka ji kamar wani ya dafa ƙirjinka yana mai da kai baya. Sauran rabin kuwa, bari mu je Faransa mu ɗauko shi.

A can akwai tseren keke da ake kira Tour de France, wanda aka fara a shekarar 1903. A zamaninmu mako uku ake yi ana tafiya, zango 21, wajen kilomita 3,500, ta kan manyan duwatsu. Kowace ƙungiya tana da mahaya takwas, amma yawanci mutum ɗaya ake so ya ci. Sauran su ne masu ɗauko masa ruwa da abinci daga mota, su ne kuma masu shiga gabansa su tare masa iska, gama wanda ke bin bayan wani dab da dab yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar.

A cikin makonni ukun nan, ba wuya ƙafa ta ƙi wa mahayi wata rana. Faransawa suna ce mata ranar babu. Wani lokaci rashin cin abinci ne a kan kari, domin ajiyar ƙarfin da ke cikin jiki takan ƙare cikin kamar awa biyu in ana aiki mai tsanani. Shi ya sa sukan ci tun ba su ji yunwa ba. Wani lokaci ciwon ciki ne ko rashin barci. Wani lokaci kuwa ba dalilin da za a nuna. Jiya kai ne a gaba, yau kana taka feda kamar kana cikin taɓo.

To, a irin wannan rana, me ya kamace ka? Mun saba yabon wanda ya cije ya yi shiru, muna kiran wannan jimiri. Ina roƙonka ka sāke duba wannan yabo.

Ran 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson, mutumin Ingila, wanda ya zama gwanin duniya a 1965, ya kama hawan dutsen Ventoux. Tsayin dutsen ya haura mita 1,900, kansa fararen duwatsu ne tsirara, ba inuwa ko ta itace ɗaya, ga rana tana ƙuna. Kwanaki ke nan yana fama da ciwon ciki. Ya sha ƙwayoyin da ke ɓoye wa mutum gajiyarsa, ya haɗa da barasa. Kusa da ƙwanƙolin dutsen ya faɗi, aka ɗora shi a kan keken, ya ɗan taɓa tafiya, ya sāke faɗuwa, bai ƙara tashi ba. Shekararsa 29. Ba na kawo labarinsa don a yi masa shari'a ba; ni da kai ba mu san nauyin da ya ɗauka ba. Amma jikinsa ya yi ta faɗa masa gaskiya, shi kuwa ya toshe mata baki.

Ga wani labarin kuma, na shekarar 1934. Antonin Magne yana sanye da rigar rawaya, alamar wanda ke kan gaba a tseren, sai ƙafar kekensa ta gaba ta lalace a wata gangara a duwatsun Pyrenees. Wani saurayi ɗan ƙungiyarsa, René Vietto, mai shekara 20, wanda ya riga ya ci zanguna a duwatsun Alps, ya cire tasa ya ba shi. Ya zauna a kan wata katanga a bakin hanya yana kuka, yana jiran mota. Kashegari keken Magne ya sāke samun matsala. Vietto, da ya riga ya yi gaba, ya juyo ya hau tudun da ya gangaro, ya miƙa masa kekensa ɗungum. Magne ya ci tseren, Vietto ya zo na biyar.

Duniya ta yabi Vietto, ya kuwa cancanta. Amma ni Magne nake so ka duba. Babban mutum ne, ya taɓa cin wannan tsere a 1931, ga shi sau biyu a jere yana miƙa hannu yana karɓa daga wurin yaro, a idon jama'a. Bayarwa tana da daɗinta, mai bayarwa yakan tafi da kansa a sama. Karɓa ce mai ɗaci, domin ba ka iya yinta sai ka yarda an ga kasawarka. A ganina, yawancin abin da muke kira jimiri a ranar wahala, in ka tone shi, girmankai za ka tarar.

Ka san gaisuwarmu. A ce maka, "Ina gajiya?" ka ce, "Ba gajiya." Gaisuwa ce mai kyau, ba ni da faɗa da ita. Sai dai akwai wanda yake zama kusa da kai a sujada kowace Lahadi, shekara guda yana cewa ba gajiya, alhali bashi ko ciwo ko makoki ya cinye shi. Wataƙila ma kai ne. Waye mutum ɗaya da ya taɓa jin ɗaya amsar daga bakinka?

Za ka ce mini, ai akwai cima-zaune. Gaskiyarka. Mahaya ma sun san shi, wanda kullum yana laɓe a bayan wani, ba ya taɓa karɓar iska, sai an kusa isa ya zabura ya wuce. Ba wanda ke ganinsa da mutunci. Amma abokan tafiya ba sa ruɗewa tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya kāsa, domin sun ga abin da ya yi jiya da shekaranjiya.

A ranar hawan manyan duwatsu, waɗanda ƙarfinsu ya gaza sukan taru a can baya su zama ayari guda, 'yan ƙungiyoyi dabam-dabam, abokan hamayya ne da safe. Akwai iyakar lokaci. Wanda ya iso bayanta ana iya fitar da shi daga tseren. Saboda haka wani tsohon hannu a cikinsu yakan yi lissafi, ya san saurin da zai ishe su, ba ƙari. Mai sauran ƙarfi ya shiga gaba, in ya gaji ya kauce wani ya karɓa. Gorar ruwa tana zagayawa hannu zuwa hannu, ba a tambayar rigar wa ka sa. Wanda ba ya iya karɓar iska yau, a bar shi a tsakiya.

Sukan iso rabin awa ko fiye bayan gwani, sa'ad da 'yan kallo suka fara watsewa. Su yi wanka, su ci abinci, su kwanta. Da safe sunansu yana cikin na masu tashi.