Ƙofa biyu, tsibiri guda

Akwai wani ɗan tsibiri na ƙasar Italiya, Lampedusa, mai mutane wajen dubu 6, wanda ya fi kusa da Tunisiya bisa ga Sisiliya. Yana da ƙaramin filin jirgin sama mai titi guda. Lokacin zafi jirage na sauke ƴan hutu daga Roma da Milan, su yi wanka a teku, su ci kifi, su koma gida. Ta ruwa kuma wasu baƙin ke isowa, cikin kwale-kwale daga Libiya da Tunisiya, da yawansu ta Agadas suka bi.

Ran 3 ga Oktoba 2013 wani jirgin ruwa ya nutse dab da tsibirin, mutum fiye da 360 suka mutu, galibinsu ƴan Eritiriya. A rumfar ajiye jirage ta wannan filin aka jera akwatunan gawarsu. Tun da na ga hoton nake tambayar kaina: mi ya sa baƙo guda ake yi masa lale, ɗayan kuma sai ya zama gawa zai shiga filin?

Wani abokina a lakkwal ya ce mini: «Kai, ai baƙo raɓa ne. Ɗan hutu ya zo da kuɗinsa da tikitin komawa, wancan kuwa zama ya zo yi.» Da gaskiyarsa. Tsibirin da kamun kifi da ƴan hutu yake ci, kuma a Satumba 2023, cikin ƴan kwanaki, masu isowa ta ruwa sun fi mazauna yawa. Ba ƙaramin nauyi ba ne.

Amma ni ina ganin tambaya biyu ce muke haɗawa. Wa zai zauna, wannan hukuma na iya tsarawa da takarda. Wa za a tsamo daga ruwa, wannan ba a tambayar biza. Masuntan tsibirin da suka yi ta jawo mutane cikin jiragensu da asubar nan ba su nemi takardar kowa ba.

To mu fa? Kafin in zargi Bature sai na tuna tasharmu ta Damagaram. Nasara mai kyamara in ya sauka, har kujera muke ba shi. Yaron Gini da ke jiran motar Agadas, ruwa ma mun ninka masa kuɗi. Na gani da idona, kuma ban ce komi ba.