Suna ga mai kisa, ƙidaya ga mamata

Littafin tarihi da ake rubutawa don jama'a yana son mutum guda mai suna da fuska, domin shi ke riƙe mai karatu. Shi ya sa labarin ayarin sojan Faransa da ya ratsa ƙasar Hausa a 1899 kullum yake komawa kan Voulet da Chanoine: halinsu, harbin da aka yi wa Kanal Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, kaburburansu a Maijirgi. Mutanen Birnin Ƙonni da aka karkashe a watan Mayu kuwa, a jimla ɗaya ake tattara su, a wuce.

Shin adalci ne azzalumi ya samu babi, wanda aka zalunta ya samu ƙidaya?

Marubuci yana da hanzarinsa. Takardun da suka rage sojan ne suka rubuta su, kuma ƙirƙiro wa mamaci suna wani zaluncin ne. Sai dai takarda ba ita kaɗai ke shaida ba. Abdoulaye Mamani ya ɗaukaka sunan Sarauniyar Lugu a 1980, ko da yake da ƙagaggen labari, kuma ita ma mai mulki ce, ba talaka ba. Boureima Alpha Gado, a littafinsa na 1993 kan tarihin yunwa a Sahel, ya kula da sunayen da talakawa da kansu suka laƙaba wa shekarun yunwa. Aikin ya fi wuya, don tsofaffi ba sa jira kamar yadda takarda take jira.