Uwar Yaro Mai Naƙasa: Haƙuri Aka Ce Ta Yi, ko Shiru?

"Sai haƙuri." Babu maganar da uwar yaro mai naƙasa ta fi ji a birnin Yamai kamar wannan, da Hausa ko da Zabarmanci. Ungozoma ce ke fara faɗa mata, uwar miji ta maimaita, sai maƙwabta, sai malamin da aka kai wa yaron don tofi. Gaskiya suka faɗa, kuma da zuciya ɗaya suka faɗe ta. Inda gizo ke saƙar shi ne, da an furta ta zance ya ƙare. Ba mai tambayar yadda take ciyar da yaron da ko kunu ba ya haɗiyewa sai ya ƙware, ko sau nawa take tashi cikin dare ta juya shi, ko yaushe rabonta da zuwa suna. Ita ma ta gane abin da ake nufi. Sai ta ja bakinta ta tsuke, kada a ce ba ta yarda da ƙaddara ba.

Irin waɗannan iyaye suna da yawa. A 2021 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Ƙidayar da aka yi a Nijar a 2012 ta sami kashi 4.2 cikin ɗari na jama'ar ƙasar da wata naƙasa, kuma mai ƙidaya ba ya rubuta yaron da aka ɓoye masa a ƙuryar ɗaki. Musabbabin sanannu ne ga likitoci: doguwar naƙuda da ke hana ƙwaƙwalwar jariri iska, shawarar da ta yi tsanani a makon farko, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau. Mutanen Yamai ba su manta da 2015 ba, shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum 8,000 a ƙasar, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun birnin a watan Afrilu. An ƙirga waɗanda suka rasu. Waɗanda suka tashi da kurumta ko farfaɗiya kuwa, iyayensu ne suka koma gida da su.

Ba a ce ƙasa ta naɗe hannu ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, ta kafa doka a kansu a Disambar 2019, tana kuma bikin ranarsu kowace 31 ga Yuli. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane, da ta kurame ta Hassane Bana Ba, da cibiyar masu amosanin jini, da asibitin yara na CURE wanda tun 2010 yake gyara ƙafar da aka haifa a murɗe da leɓen da ya tsage. Sai dai duk waɗannan wurare awoyi kaɗan suke ganin yaro. Sauran yini da dare na uwa ne. A Bukoki, a Talaje, ko a ƙetaren gada can Harobanda, za a ga mace goye da ɗan shekara bakwai, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, ta lulluɓe shi da mayafi a tsakiyar zafin bazara don kada a kalle shi. Wataƙila a bayan katangarta akwai wata mai irin wannan goyo, kuma ba su taɓa zama sun yi zancen ba.

To, addini ne ya ce su yi shiru?

Masu ganin haka sukan kafa hujja da Annabi Yakubu, wanda Suratu Yusuf ta nuna ya kai kukansa ga Allah Shi kaɗai. Amma wanda ya bi ƙissar a tsanake zai ga Yakubu bai ɓoye baƙin cikinsa ba. Ya ambaci ɗansa a gaban iyalinsa har suka gaji da ji, ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, sannan ya tura ƴaƴansa su koma su yi cigiya. Duk da haka haƙurinsa ne aka kira kyakkyawa. Abin da bai yi ba shi ne tuhumar Ubangijinsa. A nan malamai suka raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: ƙorafin da ke ɗauke da fushi da hukuncin Allah, da kuma bayyana halin da ake ciki don a sami magani, shawara ko sassaucin zuciya. Na farko ne abin zargi. Na biyu kuwa, Imam Bukhari ya ware masa babi guda a kan halaccin mara lafiya ya faɗi ciwonsa, ya kawo ruwayar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya wa Nana A'isha ciwon kansa, da wadda ya shaida wa Ibn Mas'ud tsananin zazzaɓin da yake ji.

Akwai kuma ƙissar da ya kamata kowace uwa a Yamai ta sani, tana cikin Bukhari da Muslim. Wata mata baƙar fata mai farfaɗiya ta zo wurin Manzon Allah ta faɗi ciwonta a fili, har da abin da ya fi ba ta kunya, wato tsiraicinta na bayyana idan abin ya tashi. Aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna. Ta zaɓi haƙurin. Amma ba ta juya ta tafi ba, nan take ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, aka kuwa yi mata. Masu wa'azi sun fi tsayawa a kan zaɓinta, su tsallake roƙonta, alhali a zama ɗaya ta yi su. Matar da aka yi wa albishir da Aljanna saboda haƙuri ita ce ta faɗi matsalarta dalla-dalla, ta nemi a rage mata wadda za a iya ragewa. Wanda sahabi Ibn Abbas ya ba wa wannan ƙissa ya kuma nuna masa matar, wato Aɗa'u bin Abi Rabah, shi kansa gurgu ne, daga baya ya makance, kuma shi ne ya zama muftin Makka a zamaninsa.

Shirun yana da wani tushe da ya fi tsoron saɓo zurfi, shi ne zargi. Idan aka haifi yaro mai laushin jiki, wanda ya kai shekara bai tsai da wuya ba, tambayar farko a gidaje da dama ita ce laifin wa. A ce uwar ta yi wanka a waje da magariba tana da ciki, ko ta tsallake wani abu a hanya, ko a danginsu abin yake. Wani lokaci a ce ai ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne. Macen da aka jefa da irin wannan magana, ina za ta sami bakin ba da labari? Alƙur'ani ya rushe wannan tunani ta fuska biyu: ya tabbatar babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani, ya kuma saukar da farkon Suratu Abasa saboda makaho guda, Abdullahi bin Ummi Maktum, wanda daga baya ya zama ladan, aka kuma bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba. Kiristocin Yamai su ma suna da nasu a babi na 9 na Bisharar Yohanna, inda aka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya kore laifin daga mutumin da iyayensa baki ɗaya.

Kada a ɗauka ɗora wa uwa laifi halin ƙasar Hausa ne kawai. A Amurka, cikin shekarun 1950 da 1960, manyan masana irin su Bruno Bettelheim sun yi ta koyar da cewa rashin ɗumin zuciyar uwa ne ke jawo wa yaro larurar otizim. Wanda ya karya wannan ra'ayi uba ne mai irin wannan ɗa, Bernard Rimland, da littafinsa na 1964, kuma shekara guda bayan haka ya haɗa iyaye suka kafa ƙungiya. A Ingila ma, a 1946 wata uwa mai suna Judy Fryd, wadda makarantu suka ƙi riƙe ƴarta, ta aika wasiƙa ga mujallar Nursery World tana neman iyaye irinta su tuntuɓe ta. Daga wannan wasiƙa ƙungiyar Mencap ta samo asali. Dukansu biyun da neman ɗan'uwa a cikin larura suka fara, dokoki da makarantu daga baya suka biyo.

Me uwa za ta samu a bakin ƴar'uwarta wanda likita bai ba ta ba? Abubuwa ne ƙanana da ke raba rai da mutuwa. Yaro mai shanyewar jiki idan aka ɗura masa koko yana kwance, kokon kan bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon haƙarƙari. Uwar da ta shekara biyar tana fama ta san a zaunar da shi a jingine, a ɗan sunkuyar da haɓarsa, a kaurara kunun, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Ta san yadda ake cusa tsumma a gefen babbar roba ta wanki ta zama kujerar da za ta riƙe bayansa. Ta san idan farfaɗiya ta tashi ba a tura cokali a baki, a gefe ake kwantar da yaro a janye shi daga murhu, kuma yawunsa ba ya harbin kowa. Ta san ƙafar da aka haifa a murɗe tana miƙewa da filasta da ake sauyawa mako-mako idan an kai jariri da wuri, amma in aka yi sakaci da takalmin dare sai ta koma gidan jiya. Likitan da layi ya cika masa ƙofa ba shi da lokacin wannan bayani. Sannan akwai abin da ba a iya faɗa wa likita ko miji: cewa wata rana gajiya ta sa ta ji ta tsani rayuwarta, ta kwana tana istigfari. Wadda ta taɓa jin haka ce kaɗai za ta ce mata, "Yaya, ni ma na ji, ba ki kafirta ba, barci ne ba ki samu."

Tsarin da za a zauna a kai ma ba baƙo ba ne. Tun zamanin sarakuna akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a garuruwan Hausa, manya masu naƙasa sun daɗe da sanin amfanin haɗa kai. Waɗanda aka bari a baya su ne yaran da ba sa iya magana da bakinsu, da iyayen da ke ɗauke da su. Matan Yamai suna da foyandi, wato taronsu na zumunci, da adashi. A 1991 kuma, a jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE, mata su taru kowane mako su zuba abin da ya sawwaƙa a asusu, su ranta wa junansu, tsarin da ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Iyaye goma a unguwa ɗaya za su iya yin haka: tabarma, rana guda a mako, ɗan kuɗin taksi na zuwa gashin ƙashi, da karɓa-karɓar raino don kowace ta sami yini ɗaya ta je kasuwa ko gaisuwar mutuwa.

Masu ɗari-ɗari da wannan suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Rufin asiri abu ne mai daraja, kuma uwa na da dalilin tsoron kada zancen ɗanta ya zaga unguwa har ya hana yayyensa mata samun miji. Taron da ba a riƙe amana a cikinsa gara babu shi. Haka nan an sha ganin yadda saƙon murya a WhatsApp ke yaɗa tallar maganin da wai yana warkar da kowace naƙasa cikin kwana bakwai, iyaye su sayar da akuya da zannuwa su saya. Akwai kuma haɗarin zaman ya rikiɗe ya zama layin jiran rabon shinkafa, a riƙa ɗaukar hoton yara ana yaɗawa ba da izini ba. Maganin waɗannan shi ne sharaɗi tun ranar farko: abin da aka faɗa a tabarma ya tsaya a tabarma, ba a tallar magani, ba a ɗaukar hoto, kuma lokaci-lokaci a gayyato ma'aikacin lafiya ko malamin makarantar kurame ya gyara abin da aka fahimta a karkace.

Babban giɓin yana wajen maza. Yamai gari ne na fada, maza kan raba dare a bakin shayi suna zancen siyasa da kokawa da farashin mai. Amma uban da ke da ɗa mai naƙasa zai shekara a fada ɗaya bai ambaci sunan yaron ba, abokansa su ma su kau da kai wai don kada su sosa masa. Wasu ubannin sun tsaya tsayin daka, su ke goya yaro a babur zuwa asibiti, kuma sun cancanci a yaba musu a bainar jama'a. Wasu kuwa sun saki uwar, ko sun ƙaurace wa ɗakinta, suna kiran abin da suka yi tawakkali. Ciyar da wannan yaro da neman masa magani wajibi ne a kan uba kamar na sauran ƴaƴansa, babu mazhabar da ta sauke masa shi.

Nan ne limamai da malaman Islamiyya ke da aikin da babu wanda zai yi musu. Jama'a sun fi jin maganarsu a kan ta kowane jami'i. Limamin da ya ware huɗuba guda ya karanto ƙissar matar nan mai farfaɗiya har ƙarshenta, ya faɗa a fili cewa naƙasar yaro ba alhakin uwarsa ba ce, sannan ya ba da harabar masallaci ko ajin Islamiyya rana ɗaya a mako don iyaye su zauna, ya buɗe ƙofar da doka ta kasa buɗewa. Gidajen rediyo irin su Anfani da Muryar Sahel za su iya ba iyayen kansu fili su yi magana, maimakon a riƙa yin magana a madadinsu kowace 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya.

Ga mai karatu kuma, kusan tabbas akwai irin wannan gida a layinku. Idan kun je gaisuwa, ku kira yaron da sunansa, ku tambayi uwarsa yadda ya kwana, ku zauna ku saurari amsar har ta gama. In kun san wata mai irin larurarta a unguwar, ku nemi izinin kowaccensu, ku haɗa su.