Ita Ma Na'ura Sai Ta Nemi Izini

Ya 'yan'uwa, mu ji tsoron Allah a kan sirrin iyalanmu.

Yawancinmu a nan Naraguta 'yan kasuwa ne, yau Farin Gada, gobe Kano ko Legas. Don tsaro, ko don lura da tsohuwa mara lafiya, wasu sun sa kyamara a gida suna kallo ta waya. Ga kuma na'urori masu sauraron magana da mutum-mutumin shara suna shigowa. Niyya mai kyau ce, amma na'urar da ke haɗe da intanet tana iya kai hoto da murya inda maigida bai sani ba. A Disambar 2022 aka bayyana yadda hotunan da na'urorin gwaji na kamfanin iRobot suka ɗauka a cikin gidaje, har da na wata mata a bayi, suka kai Facebook ta hannun ma'aikatan tantance hotuna a Benezuwela.

A Suratun Nur, aya ta 58, Allah Ya umarci hadimai da yaran gida su nemi izini a lokuta uku: kafin Asuba, da tsakar rana in an tuɓe tufafi, da bayan Isha'i. To, ina ga na'urar da ba ta barci?

Kyamara ta tsaya a ƙofar gida da zaure, kada ta shiga ɗakin kwana ko bayi. A sanar da Hajiya da 'yar aiki, a nemi yardarsu. A canza lambar sirrin da ta zo da ita. Kada maigida ya mayar da ita hanyar leƙen asirin matarsa, Suratul Hujurat ta hana wannan.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.