Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

A ƙasar Amurka akwai jami'o'in da sukan buɗe azuzuwansu ranar Asabar domin 'yan makarantar sakandare masu son ƙarin ilimi. Bari mu dubi biyu daga cikinsu, gama hanyar da kowace take karɓar yara tana ta da tambaya mai nauyi ga kowane uba da kowace uwa.

Ta farko ita ce Jami'ar Kolombiya a birnin New York. A shekara ta 1958, shekara ɗaya bayan Tarayyar Sobiyet ta harba kumbon Sputnik zuwa sararin samaniya, hankalin Amurkawa ya tashi a kan koyar da kimiyya. A wannan shekara jami'ar ta soma shirin koyar da kimiyya da lissafi kowace Asabar da safe ga yaran da ke aji uku na ƙarshe a sakandare. Amma sai yaro ya zauna jarrabawar shiga tukuna, waɗanda suka yi fice kuma su ake ɗauka.

Ta biyu ita ce Jami'ar MIT a jihar Massachusetts. Tun 1957 ɗaliban jami'ar da kansu suke tafiyar da wata ƙungiya mai koyar da yaran sakandare. Shirinsu mafi suna, Splash, ya soma a 1988, ana kuma yinsa a ƙarshen mako guda cikin watan Nuwamba. Akwai wani mai suna Spark domin ƙananan 'yan sakandare. Yawancin masu koyarwa ɗalibai ne da ba a biyansu albashi. Ba jarrabawar shiga, ba a kuma ba da maki a ƙarshe. Yaro yakan zaɓi darasin da ransa ke so, iyalin da kuɗin rajista ya fi ƙarfinsu kuma sukan nemi a sauƙaƙa musu.

To, wace ƙofa ce ta fi adalci? Wadda take duban basira, ko wadda take duban himma?

Masu goyon bayan jarrabawa suna da hujja. Kujeru kaɗan ne, malamai ma kaɗan. Idan aka haɗa yaron da ya yi nisa da wanda bai kama tushe ba, sai a cuci dukansu biyu: na farko ya gaji da jira, na biyu ya fid da zuciya. Sai dai jarrabawa tana auna abin da yaro ya riga ya samu ne. Ba ta iya nuna mana ko makinsa daga kaifin kansa ya fito, ko daga makaranta mai tsada da gida mai cike da littattafai.

Saboda haka mutum zai ce ƙofar himma ta fi. Duk mai so ya shigo, ai mai nema yana tare da samu. Amma mu dakata mu yi tunani. Wane yaro ne yakan ji labarin irin wannan shiri? Wa zai kai shi? Wane ne Asabar ɗinsa take a sake, ba talla, ba gona, ba renon ƙanne? Fiye da wannan ma, daga ina sha'awar sanin abu take fitowa? Yaron da ya taɓa tambaya aka amsa masa da fara'a zai sake tambaya. Wanda aka daka wa tsawa sau uku yakan koyi yin shiru, bayan shekaru kuma a ce masa rago. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rijiyar jami'a tana iya zama a buɗe ga kowa, amma wani ne ya fara shayar da yaron da ya iso bakinta da ƙarfin jan guga.

Idan haka ne, ko jarrabawa ko buɗaɗɗiyar ƙofa, babu wadda za ta iya yin adalci ita kaɗai. Adalcin yana farawa tun kafin yaro ya kai ƙofar, a hannun waɗanda suke shuka himma ko kuwa suke kashe ta. Nan ne maganar ta iso gidajenmu.

Yaranmu da yawa suna zuwa darasin Asabar, amma kusan kullum domin WAEC, ko NECO, ko JAMB. Wannan ba laifi ba ne, gama takardar shaida tana da amfani. Amma idan yaro ya tambaya me ya sa wata yake raguwa yana ƙaruwa, muka ce masa, "Bar wannan, ba zai fito a jarrabawa ba," mun koya masa cewa sani ba shi da daraja sai in zai kawo maki. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa, "Ban sani ba, amma mu je mu tambayi malam." Da wannan kaɗai ta ba ɗanta ruwan ciki.

Ku kuma samari da 'yammata da ke jami'a, ku lura cewa ɗalibai irinku ne suka riƙe shirin MIT fiye da shekara 60. Sa'anda kuka dawo hutu, akwai yara a unguwa da ba su taɓa jin wani ya yi musu bayanin abu domin daɗinsa kawai ba. Inuwar bishiya da allo ɗaya sun isa a fara. Kada ku tara masu ƙoƙari kaɗai. Ku nemi yarinyar nan da ta daina ɗaga hannu a aji, ku zaunar da ita a gaba.