Ran Ɓera Ma Rai Ne?

A dazuzzuka da gonaki akwai masana da ke kafa tarko da yamma, su zagayo da asuba su kwashe ɓeraye da jaɓa da gafiya. Sukan auna tsawon jiki da wutsiya da ƙafar baya da kunne, su duba haƙora, su adana fata da ƙoƙon kai tare da takardar da ke nuna rana da wurin da aka kama dabbar. Yawanci sai ta rasa ranta kafin a san ainihin irinta. Shin daidai ne mutum ya kashe halittar Allah domin neman sani?

Tarihin ƙasarmu yana da abin faɗa. A shekarar 1969 wata baƙuwar cuta ta kama Laura Wine, ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na Lassa, a Jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, can ta rasu. A 1970 cutar ta kashe Likita Jeanette Troup. Ba wanda ya san maɓoyarta sai da masu bincike suka kama ƙananan dabbobi a Saliyo a 1972, suka gano ƙwayar cutar a jikin ɓeran nan mai nonuwa da yawa. Daga nan aka fahimci cewa fitsarinsa da kashinsa ne ke gurɓata abinci. Uwar da ke rufe tukunya da rumbu a yau tana cin moriyar wannan aiki.

Duk da haka, amfani bai zama izinin ɓarna ba. Littafin Farawa ya nuna Adamu yana raɗa wa dabbobi suna, kuma an sa shi a gona domin ya kula da ita. Mai kula wakili ne, zai ba da lissafi ga Mai dukiya. Saboda haka wajibi ne masani ya ɗauki iyakar abin da bincike ke bukata, ya gaggauta duba tarko kada dabba ta wahala, ya adana abin da ya kama domin na baya su amfana. Inda ɗan yankin kunne ya isa a gwada ƙwayoyin halitta, sai a saki dabbar da ranta.

Iyaye su koya wa 'ya'yansu wannan bambanci. Wanda ya kashe ɓera domin kare lafiyar gida ya yi aikinsa. Yaron da ke azabtar da shi domin wasa kuwa yana bukatar tsawatawa, gama zuciyar da ta saba da mugunta ga ƙaramar halitta ba za ta tsaya nan ba.